Haƙoran Mato da Naman Iya

A shekarar da fara ta cinye Adar, wato 1931 a lissafin Nasara, Mato ya fara ganin Ɗangana. Ƙanwar uban Mato ce ta taho Tamaske daga wajen Buza tana jan yaron da hannu, domin rumbun mijinta ya ƙare tun kafin rani ya raba. Yaron bai wuce shekara shida ba, siriri kamar kara, ga shi yana famfara, haƙoran gaba duk sun zube. Abincin yara a wannan shekara goruba ce, ita kuwa goruba ba ta jin tausayin mai giɓi. Mato ya girme shi da shekara huɗu, kuma a lokacin haƙoransa sun fi na kowa a unguwar. Shi ke gurgurar goruba ya tara a tafin hannu, ya tura wa ƙaramin ta ƙarƙashin riga don kada sauran yara su gani su yi dariya, ya ce masa, "Haɗiye, ka yi shiru." Haka suka yi har sababbin haƙora suka fito. Ba wanda ya sake tayar da maganar. Ɗan mace da ɗan namiji ne, taubasai, kowannensu na cewa ɗayan bawansa ne, kuma tsakanin taubasai zagi ake yi, ba godiya ba.

Ɗangana ya zauna Tamaske yana noman gero da dawa. Mato kuwa ya bi Nasara, ya yi aikin kuku a Yamai, daga nan Abijan. Can ya koyi burodi da kafe, wato kofi, da madarar gwangwani mai kauri, da alawar nan da ake kira bombo, wadda ba ta rabuwa da aljihunsa. Ya dawo gida a 1965, bayan rasuwar matarsa, da keke da radiyo da akwatin ƙarfe, da kuma wani gashin baki mai yawa da ya tara da gangan. A bayan gashin bakin akwai haƙora biyu na gaba da ke tsaye don ganin mutane. Sauran, likitan Abijan ya riga ya yi sassabe a cikinsu, kuma 'yan da suka tsira ba su son a taɓa su.

Sai ga shi ya ga Jaratu a kasuwa tana sayar da nono. Bazawara ce, ɗiyar Fulanin da suka zauna bakin fadama a kan hanyar Garhanga, suna noma suna kiwo. Ya yi mata raha ta yi dariya, ta ce ya zo ya gai da mutanen gida bayan Layya. Ta kuma gaya masa gaskiya, Isaka mai raƙuma ma yana nema, kuma kafin damina za ta tsai da ɗaya.

Ranar tafiya, tun da hantsi Mato ya jingine keke a ƙofar gidan Ɗangana, wanda zai yi masa rakiya. Daga ciki yana jin daka mai nauyi, da mata suna ta ƙyalƙyala dariya. Can sai ga Ɗangana ya fito yana gumi, da 'yar jakar fata rataye a cikin riga.

"...da iyali, da dabbobi, duk lahiya lau! Ka bar gaisuwar haka nan, bawan gidanmu, rana na yi!" in ji Mato.

"Tsaya, Bature, ban gama ba. Ina gajiyar tauna? Au, yi haƙuri, na manta. Ina gajiyar tsotsa?"

"Allah shi shirye ka. Mi ake ma dariya cikin gidanka?"

"Matata Rabi ce ke ba maƙwabta labarin bakinka. Ta ce ta leƙa ta hango garin Keita ta ciki."

"To wa ke daka haka kamar za a hwasa turmi?"

"Ba ruwanka da turmin mutane. Mi ka ɗaure bayan keke?"

Mato ya kwance ƙunshin da alfahari. Kan sukari guda, da takardar bombo, da gwangwanayen madara a jere suna walƙiya.

Ɗangana ya dafe kai. "La ilaha! Madara? Gidan Hulani za ka kai madara?"

"Wagga ba irin tasu ba ce, baƙauye. Daga Faransa ta hito. Sai ta shekara ba ta yi tsami ba."

"Madarar da ta shekara ba ta yi tsami ba ai ta mutu tuni. Gawarta ce anka ruhe cikin ƙarhe."

"Hau jakinka mu tahi. Kai mi ka sani na daɗi? Hura da sahe, hura da rana, tuwo da dare, gobe a sake. Ni abin da gwamna ke ci shi nike ci."

"Awo, ka ci shi, shi ko ya ci ka. Wa ya hi wani ƙoshi?"

Suka kama hanya, Mato na tura keke saboda duwatsu, Ɗangana a kan jaki da asuwakin aduwa a baki. Don ɗoki Mato ya kasa rufe baki.

"Ka san likitan da ya cire nawa aika su ya yi Faransa? Suna can cikin gilashi, mutane na layi su gani."

"Na ji labari. An ce cikin matauninka guda anka tarar da gara da 'ya'yanta, har da rumbunsu."

"Ƙarya kake!"

"Ni ko bara kura ta cije ni bakin gona, na rama. Ita ta kai ƙara wurin sarki."

"Don kai ma kurar ne. Naka haƙora ne? Na jaki ne Allah ya yi kuskuren wuri."

"Na jakin ne ke hwasa ƙwallon aduwa. Duba nan." Ɗangana ya tsinci ƙwallo daga aljihu, ya sa a baki, ƙas! Ya miƙo masa tsakiyar. "Gero da nono sunka gina wanga. Kai ko sukari ya yi maka aikin da ko wanzami da awartaki bai iya ba. To, gaya mini, in sunka kawo naman Layya hwa? Ka san yanzu an soye shi ya bushe."

Nan Mato ya tsaya, ya gyara gashin baki, domin wannan tambayar ya kwana biyu yana jiran ta.

"Kai kana tsammani ban yi tunani ba? Wa ya taɓa ganin mai neman aure ya ci abinci gaban surukai? Bare Hulani, sarakan kunya! Su aje akushi, in sunkuyar da kai, in ce alhamdu lillahi, na ƙoshi. Uban Jaratu shi ce, kai, yaron ga akwai ladabi. Ko ƙwara ɗaya ba ta shiga bakina, kuma in hito da suna mai kyau."

Ɗangana ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai dariya ta ƙwace masa, har jakin ya tsaya ya waiwayo.

"Mi ya hwaru?"

"Ba komi, yaro mai ladabi. Mu tahi."

Gidan bukkoki ne 'yan kaɗan da shingen ƙaya, da maruƙa ɗaure a inuwa. Ba namiji ko ɗaya. A gindin gawo wata tsohuwa ce zaune a kan tabarma, fatarta ta yamutse kamar busasshiyar kuka, idanunta kuwa tarwai.

Mato ya durƙusa daga nesa, ya sa hannu a baki, ya yi sallama. "Mun zo gai da mai gida."

"Mai gida ya bi shanu rijiya, sai an ga hadari za a gan shi," in ji tsohuwar. "Ni ce Iya, kakar Jaratu. Wane ne mijin nawa cikinku? Mai jakin ko mai gemun sama?"

Duk lissafin Mato a kan uba ya gina shi. Da uba akwai kunya, da uwa akwai kunya, amma tsakanin kaka da mai neman jikarta ba komai sai wasa. Mijinta take kiransa, kuma abin da ta miƙa masa ba shi da ƙofar ƙi. Ya dubi Ɗangana, ya ga yana kallon sama yana tauna asuwaki. Ashe ya sani tun daga gida.

"Matso kusa, angona, ba na cizo sai an tsokane ni. Mi ka kawo mini?"

Mato ya jera kaya. Iya ta ɗauki gwangwani ɗaya ta juya, ta kai kunne ta girgiza.

"Wanga hwa?"

"Madara ce, Iya."

"Wace saniya ce ke zuba nono cikin ƙarhe? Ta ina maraƙinta ke sha?"

"Na gaya mishi, Iya!" in ji Ɗangana. "Gobe rairayi zai kai ma Buzaye tsaraba."

Mato ya huda gwangwanin da wuƙa. Iya ta lakata da yatsa ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta daɗe tana goge harshe da asuwaki.

"Wanga ba nono ba ne, ɗanko ne. Maraƙin da anka raina da shi ba shi kai ga cin kara." Ta ɗago ta dubi gashin bakinsa. "Ni dai tun ina budurwa ban taɓa yarda ko tunkiya ta shigo garkenmu ban san abin da ke bakinta ba. Jaratu! Kawo ma mijina nama!"

Jaratu ta fito da akushi, ta durƙusa ta ajiye, ta koma gefe ta zauna tana wanke ƙwarya, amma kunnenta na nan.

"Jiya Isaka mai raƙuma ya zo," in ji Iya. "Akushi kamar wanga ya share shi har ƙashi. Bisimilla."

Mato ya leƙa. Nama ne baƙi, ƙanana, an soya shi ƙayau don ya kai damina, kowane yanki kamar tsakuwar tudun Keita. Idan ya ƙi ci, ya ƙi Jaratu. Idan ya ci, asiri ya tonu. Ya zaɓi mafi ƙanƙanta, ya kai can gefen da yake da sauran matauna, ya danna. Wani zafi ya soke shi daga muƙamuƙi har tsakar ka. Ya fitar da yankin da sauri yana jujjuya shi kamar mai duba kitse, gumi na bin wuyansa.

"Tsaya nan, ɓarawo!" Ɗangana ya daka tsawa, ya fizge yankin ya jefa a bakinsa. "Iya, ki yi shaida! Naman Layyar tobashi rabona ne, kowa ya sani. Wanga mutum tun muna yara yake cin haƙƙina. Yau ko gaban alƙali ni ke zaɓe kahin shi!"

Ya jawo akushin tsakaninsu, ya saki faffaɗan hannun rigarsa ya rufe bakin akushin, yana ta dama nama yana cewa mai kitse yake nema. Mato ya kai hannu zai janye akushin, sai ya ji an danna masa wani abu a tafin hannu ta ƙarƙashin rigar. Curi ne mai laushi, naman da aka daka lilis aka haɗa da kitse. Ɗangana bai dube shi ba. Ta gefen baki kawai ya ce, "Haɗiye, ka yi shiru."

Mato ya kai curin baki. Ya narke kamar man shanu. Ɗangana kuwa ya cika nasa bakin da busasshen yana ƙarus-ƙarus, ƙarar ta isa ta mutum biyu.

"Sannu dai, kura!" in ji Mato, muryarsa ta dawo. "A hankali, kada ka haɗa da akushin mutane."

"Kai ma rage hannu, Bature. Can Abijan ba su ba ku nama ne?"

"Nama? Ni da na dahwa ma gwamna rago guda cikin faranti!"

"Ka dahwa, wani ya ci."

Hannun riga ya sake sauka, wani curi ya sake zuwa. Mato na tauna da ƙarfi yana kaɗa kai, gashin baki na rawa. Ya saci kallon Jaratu ya ga tana murmushi cikin ƙwarya. Daɗi ya hau masa ka, har ya manta inda ya kamata ya tsaya.

"Iya, naman ga naki ai ya yi laushi da yawa! Mu can mun saba da abin da ya hi wanga tauri."

Ɗangana ya daina tauna. Ya rufe ido kamar wanda aka taka wa miki.

"Ashe?" in ji Iya. "Madalla da namiji." Ta sa hannu a ƙarƙashin tabarma ta fito da goruba biyu. Ta kai ɗaya bakinta, ta gurgure gefe guda a cizo ɗaya, da haƙora farare a jere, ba giɓi ko na allura. Ɗayar ta miƙa wa Mato. "Taya ni."

Ba hannun rigar da zai iya rufe goruba. Mato ya riƙe ta, ja, mai sheƙi, da ƙamshin da ya sani tun yana yaro. Ya dubi goruba, ya dubi tsohuwar da ta haifi uban wadda yake so. Sai dariya ta taso masa daga ciki, ya kasa danne ta. Ya ɗage gashin baki da yatsu biyu, ya wangale baki gaba ɗaya.

"Iya, ga garken nan. Duba abin da annoba ta bari."

Iya ta kama haɓarsa ta juya shi wajen haske, daidai yadda ake yi wa tunkiya a kasuwa.

"Wayyo. Nan gari ne da anka yi yaƙi. Mi ya ci su?"

"Abin da na kawo miki tsaraba."

"Wato ka ga ya gama da kai, ka ce bari in kai ma tsohuwa!" Ta sake shi. "Tun da ka yi sallama da hannu a baki na sani. Abin da ban taɓa gani ba shi ne hannun riga mai haihuwar nama. Kai mai jaki, wa ya daka?"

Ɗangana ya sosa ƙeya. "Rabi ta ce ita ba ta daka ma ƙaton banza nama. Sai na ɗauki taɓarya."

"Kai da kanka? Namiji da gemu?"

"Har maƙwabta sunka leƙo ta katanga. An ce za a sa mini ɗankwali ranar kasuwa."

"Don mi ka yi?"

"Don ku ɗauke shi, Iya! In bai yi aure ba gidana zai tare, shi shanye mini hura har in mutu. Ni kaina nike ceto."

Iya ta yi dariya har ta yi tari. "Isaka shi kaɗai ya zo, ya cinye akushi bai ko tambayi wanda ya soya ba. Wanga ko ba shi da haƙori, amma shina da wanda ke ɗaukar taɓarya dominai." Ta juya ta yi wa Jaratu magana da Fillanci, doguwar magana. Mato bai ji ko kalma ɗaya ba.

Jaratu ta kife ƙwaryar. Da Hausa ta amsa, don a ji.

"Turmi gare ni, Iya, da taɓarya biyu. Amma gwangwani ba shi shiga ɗakina. Nono daga saniya, hura daga gero, asuwaki kullum sahe. 'Yan haƙoran da sunka rage ni za ni yi kiwonsu."

"Na yarda!" in ji Mato, har ya miƙe tsaye bai sani ba. "Wallahi na yarda! Ko kafe na bari!"

"Zauna, angona, kada sauran su zube don murna. In ubanta ya dawo ku turo manya." Iya ta jawo takardar bombo ta cusa a ƙarƙashin tabarma. "Wagga ko na aje ma Isaka. Shina taƙama da baki, bari mu ga ƙarhinai."

A hanyar komawa Mato ya yi ta buga ƙararrawar keke, ba kowa a gaba sai awaki. Ya yi waƙar Abijan, ya gai da wani mai kiwo sau biyu. Da suka hau tudu, Tamaske ta bayyana a ƙasa, sai ya saki ƙararrawar. Maganar nan ta ƙarƙashin riga ce ta dawo masa, da yaron nan siriri mai giɓi.

"Ɗangana."

"Mi kuma?"

"Shekarar hwara..."

"Wace hwara? Ni ban san wata hwara ba. Tura kekenka."

Mato ya sa hannu a aljihu ya ji gorubar Iya tana nan. Ya jefa masa. "To karɓi ladanka, kare. Da ma irin abincinku ne."

Ɗangana ya cafe. Ya yi gaba a kan jaki yana gurgura, ƙarar na tashi a cikin duwatsu. Mato ya ɗauka ci yake yi. Can sai ya ga hannu ya miƙo ta baya, tafin cike da garin goruba, mai hannun kuwa idonsa na kan hanya.

Mato ya karɓa ya zuba a baki.

"Wanga ne na ƙarshe," in ji Ɗangana. "Daga yau aikin Jaratu ne."

Mato ya tuntsire da dariya, baki a buɗe har kunne, bai kai hannu ya rufe ba.